Shekara Mai Ƙuli-ƙuli da Ruwan Kwatano

Duk wanda ya saba bi ta tashar Matameye ya san Shekara mai ƙuli-ƙuli. Tun tana amarya take wannan sana'a, kuma da ita ta aurar da 'ya'yanta mata bayan rasuwar mijinta. Namiji ɗaya gare ta, autanta Cha'ibu, direban kamiyo, babbar motar kaya, da ke zaune a Kwatano tare da matarsa Najaha.

Shekara da Najaha ba sa ga-maciji, sanadin kuwa Garba ne, ɗan farin Najaha. Da lokacin yayensa ya yi, aka kawo shi wurin kakarsa kamar yadda aka saba, ita kuwa ta riƙe shi, ta ƙi mayarwa. Najaha ba ta da bakin magana, domin uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna tana son sa a gaban manya. Shekara ta san haka sarai, kuma da shi ta ɗaure ta har damina uku. Yaron ya tashi a gindin kaskon suya, kakar tana ce masa Maigida, tana yi masa tsiyar ya kasa kawo cefane.

Da zai cika biyar, Cha'ibu ya yi waya ya ce su zo Kwatano, za a yi masa bikin zagayowar ranar haihuwa a bakin teku.

"Bikin suna na sani," in ji Shekara. "Wannan kuma dabarar matarka ce, so take ta ƙwace mini shi."

Duk da haka ta tafi, don ba ta yarda a kai shi ba tare da ita ba. Kwana biyu suka yi a mota.

Ranar bikin Najaha ta shimfiɗa tabarma can nesa, ƙarƙashin itatuwan kwakwa, ta ajiye gato, wato kek, da buji biyar, kyandirorin da ake kunnawa a kansa. Shekara ta dubi ruwan, ta ga ya janye ya bar yashi mai laima shimfiɗe. Sai ta ja tabarmar zuwa can.

"Inna, ruwan zai dawo," in ji Najaha, idonta a ƙasa.

"Ke za ki koya mini ruwa? A bakin tafki aka haife ni. In ya janye, ba a sake ganinsa sai damina mai zuwa."

Cha'ibu ya buɗe baki, uwar ta harare shi, ya koma wurin mota ɗauko lemo. Aka hura buji, aka yanka gato. Shekara ta ɗanɗana, ta ce sukari ne kawai aka ɓata. Ganin hannun yaron ya yi danƙo, ta ce, "Maigida, je ka wanke hannu can," kamar yadda take aikensa bakin tafki a gida.

Garba ya tafi ya durƙusa. Igiyar ruwa ta taso, ta maka shi da ƙasa, ta fara jan sa ciki. Shekara ta miƙe tana kallo kawai, domin ba ta taɓa ganin ruwa ya biyo mutum ba.

"Garba!"

Najaha ce ta kwarma ihun. Ta faɗa ruwan da zaninta, ta cafko ƙafarsa, ta jawo shi tudu. Ya amayar da ruwan gishiri, ya fashe da kuka. Ta rungume shi, tana ta maimaita sunansa, yayin da igiya ta biyu ta kwashe tabarmar da ragowar gaton.

Shekara ta iso wurinsu. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, "A gabana kike kiran sunansa? Ina kunyarki?"

"Kunyar ce ta sa na bar miki shi, Inna," in ji Najaha, wannan karon tana kallon ta ido cikin ido. "Yau ta ƙare. Ba zai koma ba."

Shekara ta juya ga ɗanta, wanda ya iso a guje. "Kana jin ta?"

Cha'ibu ya sunkuyar da kai. "Inna, ki yi haƙuri. Na riga na rubuta sunansa a lakwal, a nan zai yi karatun boko."

"Taho, Maigida," ta ce, ta miƙa hannu. Yaron ya ƙara ƙanƙame wuyan uwarsa.

Ita kaɗai ta dawo Matameye. Har yau ba ta amsa gaisuwar Najaha a waya, kuma ba ta taɓa cewa ita ce ta ja tabarmar ba. Amma duk direban da zai nufi Kwatano sai ta ɗaura masa ƙullin ƙuli-ƙuli, ta ja masa kunne: "Hannun Maigida za ka sa shi. Uwarsa kada ta ci ko ɗaya."