Tambayar da Ɗalibina Ya Yi Mini a Zaman Makoki

Na shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, kuma ɗalibai da yawa sun shige ta hannuna har fuskokinsu sun ɓace mini. Amma abin da ya faru rana ta uku da rasuwar mahaifina, shi kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare a gefen Malumfashi. Saboda na taɓa halartar wata bita kan ɗalibai masu buƙata ta musamman, sai shugaban makaranta ya haɗa ni da manyan ɗalibai uku da magana ke yi wa wuya, ya ce in riƙa zama da su Talata da Alhamis bayan an tashi. Ɗaya in'ina ce ke damunsa, ɗaya kuma kunnenta ne ba ya ji sosai. Na ukun shi ne ya fi ba ni wahala.

Saurayi ne ɗan shekara goma sha tara, dogo, daga wani ƙauye ta wajen Kafur. Bakinsa lafiya lau. Hira ce bai iya ba. Ba ya kallon fuskar mutum, in ka gaishe shi sai ya amsa rabi ya tsaya, in kuwa ya buɗe baki to zancen inji ne: injin ban-ruwa, injin niƙa, tarakta. Zai yi ta zuba ko kana ji ko ba ka ji, sannan ya juya ya tafi ba sallama. 'Yan ajinsu sun ɗauke shi mai taɓin hankali, alhali a lissafi babu mai kama ƙafarsa.

Abin da nake koya musu ba shi da yawa. Ka gaisa, ka saurara, sannan ka yi tambaya a kan abin da mutum ya faɗa. Mukan yi kamar wasan kwaikwayo, yau ni ne direba a tasha, gobe mai shago, jibi maras lafiya da aka zo dubawa. Wata rana na dafe kai na ce, “Wash! Tun jiya kaina ke sarawa.” Ya kalli taga ya ce, “Malam, babur ɗinku yana hayaƙi. Kun canza baƙin mai?” Sauran biyun suka fashe da dariya. Ni ma na yi, amma raina ya sosu.

Wata biyar muna haka. Biyun suna ci gaba, shi kuwa kamar jiya aka fara. Sai wansa, wanda ke riƙe da shi, ya zo makaranta ya ce in dai ba a ga sauyi ba gara ya cire shi ya koma gona. Shugaban makaranta ya nemi in rubuta masa ra'ayina. Kunya nake ji in faɗa, amma na rubuta cewa ban ga alamar zai amfana ba. Takardar tana cikin jakata, ban kai ga miƙa ta ba, aka bugo mini waya daga Funtua cewa Baba ya cika.

Wanda ya taɓa zaman makoki ya san yadda yake. Mutane na zuwa ayari-ayari, a yi addu'a, a ce ya haƙuri, ka ce da godiya, su tashi wasu su zauna. Kwana uku ina maimaita kalmomi iri ɗaya, ko hawaye ban yi ba.

A rana ta ukun, bayan la'asar, sai na hango saurayin ɗalibin nan nawa a bakin rumfa, da fararen kaya sun sha guga. Shi kaɗai. Daga baya na ji yadda ya zo: ya shiga mota a tashar Malumfashi, ya sauka Funtua, ya tambayi mutum huɗu kafin ya gano gidanmu. Mutumin da ko kanti ba a aikensa!

Ya cire takalmi, ya durƙusa gabana, idonsa a kan tabarma.

“Salamu alaikum. Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba.”

Na amsa. Na ɗauka zai miƙe, sai na ga ya zauna yana jira. Don kada shirun ya yi yawa, na faɗa masa abin da nake faɗa wa kowa, cewa lafiya lau Baba ya je gona ranar Laraba, ya dawo ya ce jiri yake ji, shi ke nan.

Na ga leɓensa na motsi, kamar yadda yake yi a aji in yana tuna mataki na gaba. Sannan ya ce, “Me ya shuka bana?”

Baffana, ƙanin Baba, ya ɗago kai ya harare shi. Ni kuwa sai na ji bakina na amsawa. Na ce masara da waken soya, sai wani ɗan fili da yake zuba auduga duk shekara, ko da maƙwabta duk sun daina.

“Me ya sa bai daina ba?”

Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai kuka ya ƙwace mini. Gaban manya, gaban baƙi, na yi ta kuka kamar yaro. Shi kuwa ɗalibin bai tashi ba. Baffa ne ya amsa masa. Ya ce da audugar wannan filin ne kakanmu ya yi wa Baba aure, shi ya sa ya kasa rabuwa da ita. Ni ɗansa ban taɓa jin wannan ba. Daga nan wani tsoho ya kawo nasa labarin, wani ma ya kawo nasa, har da na dariya. Ranar ce aka fara zancen Baba a matsayin mutumin da ya rayu, ba gawar da aka binne ba.

Da zai tafi ya ce, “Malam, zan koma. Sai kun dawo.” Baffa ya bi shi da kallo ya ce, “Wannan ɗan waye? Yana da hankali.”

Da na koma makaranta na yaga takardar nan na rubuta wata. Wansa ya bar shi ya kammala. Yau yana da rumfar gyaran injin ban-ruwa a Malumfashi, manoman rani na layi a wurinsa. Har yanzu ƙasa yake kallo in yana magana, har yanzu in aka taɓo zancen inji sai an tsayar da shi. Amma yana gaisawa, yana tambayar mutum ya iyali, kuma yana tsayawa ya ji amsa.

Tun daga lokacin ban ƙara yanke wa ɗalibi hukunci don ban ga sakamako a gabana ba. Wani abin yana shiga, sai dai ba a cikin aji zai fito ba, ba kuma ranar da malami ya so ba. Na kuma gane cewa mu da muke ganin mun iya magana, sau da yawa kalmomin da muka haddace kawai muke miƙa wa juna. Mutum in yana cikin damuwa, abin da ya fi buƙata shi ne wanda zai tambaye shi da gaske, ya zauna ya ji.