Sunan Marigayiya a Cikin Kwamfuta

Lionel Jakamarra da facin taya ya fara. Daga nan ya koma gyaran rediyo, sai wata shekara aka tura shi birnin Alice Springs koyon kwamfuta na mako shida, don shi kaɗai ne bai ji tsoron kwance bayanta ba. Yanzu ya haura hamsin, gwiwa na damunsa, kuma duk na'urar da ta ƙi aiki a ƙauyuka uku shi ake nema.

Shi ya raɗa wa babbar kwamfutar ofishin ƙauyensu suna. Sunan tsohuwar da ta riƙe ofishin shekara ashirin ya sa mata, wai don su biyun ba sa manta laifin kowa.

Ranar Lahadi tsohuwar ta rasu. A wajensu ba a faɗin sunan mamaci, ba a rubuta shi, sai shekaru sun ja. Ga shi kuma da an kunna na'urar sunan ne ke fara fitowa. 'Yarta Doreen, wadda ta gaji kujerar, ta tsaya bakin ƙofa ta ƙi shiga, alhali ita kaɗai ta san dangin da za a aika wa takardar jana'iza.

Canza sunan bai ɗauki Lionel minti biyu ba. Sai injin buga takarda ya yi shiru, ƙananan kwamfutoci huɗu suka daina ganin babbar. Da tsohon suna suke nemanta.

"Kawu, gyara ka zo yi ko ɓarna?" in ji Doreen daga waje.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Labari ne bai kai musu ba."

Ya kira Brendan a waya, wani bature mai wannan sana'a a birni.

"Ai da sauƙi, mutumina," in ji Brendan. "Faɗa min tsohon sunan in zaƙulo duk inda ya maƙale."

"Ba zan iya ba."

"Tsufa ya zo? Ka manta?"

"Ina ma na manta."

"To rubuto min."

"Shi ma a'a."

Brendan ya ce, "To sai dai ka bi su da ido, layi-layi. Yini za ka yi."

Yinin kuwa ya yi. Ya bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙafa, ga zafi, ga ƙudaje. Duk inda idonsa ya faɗa kan sunan sai ya kau da kai ya goge. Wuri goma sha ɗaya ya same shi. Da la'asar injin ya yi tari ya tofo takarda.

Ya kashe komai ya sake kunnawa, ya duba, sannan ya ce, "Shigo."

Doreen ta shigo a hankali, ta leƙa allon kafin ta zauna.

"Ofis-ɗaya? Wannan ne sunan? Ba daɗi, Kawu."

"Na sani. Amma wannan ba za mu yi makokinsa ba."

Ta jawo kujera ta fara rubuta wa dangi.