Rigar Nonon da Ta Kwantar da Ni a Asibiti

Salamu alaikum ƴaƴana na wannan dandali. Kun saba ganin addu'ar Juma'a daga wajena. Yau wata magana ce, wadda na riƙe fiye da shekara sittin. Ko waɗanda na haifa ba su san ta ba.

Shekarar da muka samu mulkin kai ina da shekara goma sha tara, ina koyar da ƴan mata a wata lakwal, wato makarantar boko, cikin Birni, nan Damagaram. Ina goyon ƴar fari, wata huɗu.

A lokacin, macen da ta yi boko sai an gan ta da sutiyan, wato rigar nono. Iyayenmu zane suke ɗaurawa a ƙirji, shi ke nan. Wata dillaliya ta kawo mini guda, ta nailan, fara, da ƙarfe siriri a ƙasanta. Ban gwada ba. Wa zai tuɓe gaban dillaliya? Na ɗaga ta na duba, na ce ta yi.

Ba ta yi ba. Sai na riƙe numfashi kafin ta ɗauru.

Ga shi muna koya wa yara tafiyar fareti ta ranar bikin mulkin kai, tun safe har azahar a tsaye. Nono ya cika, riga ta matse, ƙarfen yana cin nama. In na dawo gida na cire, sai in ga jan layi kamar an ɗaure ni da igiya.

Bayan sati biyu na ji wani ƙullutu a na hagu, kamar ƙwan zabo, da zafi.

Ban faɗa wa kowa ba. Kunyar maigida, ga kunyar ƴar fari. Ta yaya zan buɗe baki in ce ina tsoron yarinyar za ta rasa abinci?

Sai zazzaɓi ya zo. Ina gaban allo, alli ya faɗi daga hannuna don rawar ɗari. Nonon ya kumbura yana sheƙi, yarinya ta kama ta saki da kuka.

Tsoron da na ji ba na zafin ba ne. Ina ƙarama na ga maƙwabciyarmu da ciwon nono ya cinye. Na tuna warin ɗakinta. Jaririnta bai yi wata biyu bayanta ba. Duk sanda na dubi tawa, shi nake gani.

Gwaggona ta zo daga Tirmini, ita ta gane. Ta ɗaga rigata, ta yi salati.

"Ke Zeinabu, so kike ki kashe kanki ki kashe ƴar mutane?"

Ta shafa mini jar kanwa kwana biyu, abin sai gaba yake. Rana ta uku maigida ya ce, "Gwaggo, ku yi haƙuri, asibiti za mu."

Likitan Bature ne. Ya danna wurin, na yi ihu. Ya juya ya yi wa ma'aikacinsa magana da Faransanci, bai san ina ji ba. Abin da kunnena ya kama shi ne, "Gobe da safe a yanka."

Na ɗauka nonon za a cire. Na miƙa wa Gwaggo yarinyar, na ce, "In ban tashi ba, ku nemo mata mai ba ta mama a dangi."

Wata ungozomar asibiti, Madam Hawa, ta ji ni. Ta zauna bakin gadon.

"Wa ya ce miki cirewa za a yi? Ƙurji ne. Tsagawa za a yi, mugunya ta fita. Ina abin da kike sawa?"

Na nuna mata. Ta auna ta da tafin hannu, ta dube ni.

"Ƙanwata, wannan ta yarinya ce ƴar shekara sha uku. Kin toshe wa nono hanya, ya kwanta ya ruɓe."

An tsaga. Abin da ya fita ya kusa cika ƙaramin kwano. Suka cusa tsumma mai magani cikin ramin, kullum da safe a zare a sa sabo. Wannan zarewar ta fi yankan zafi. Ina jin ƙarar tiren ƙarfe daga nesa, sai in cusa bakin zane a baki in cije. Ga allurar penisilin safe da yamma.

Madam Hawa ta hana a raba ni da yarinyar. "Ki ba ta na dama, mu tatse na hagu. Kada ki bari ya sake cika."

Ranar bikin ina kwance. Ina jin ganguna da guɗa daga gari, yaran da na koya wa fareti sun wuce ban gan su ba. Ni dai idona yana kan bakin yarinyata, ina duba ko tana haɗiya.

Tana haɗiya.

Kwana goma sha biyu na yi. Kafin a sallame ni, Madam Hawa ta auna ni da igiyar awo ta teloli, ta ɗinka mini biyu da farin yadin auduga, masu faɗin hannu, ba ƙarfe. Na sa na ja numfashi har ƙasan ciki.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya jiƙan maigida, Ya jiƙan Madam Hawa. Ni kuma alhamdu lillahi, ƴaƴa shida na shayar bayan nan, har da nonon mai tabo.

To ku ji, ƴaƴana. Ku auna jikinku kafin ku saya, ku sake aunawa in kuna da ciki ko goyo, don jiki yana canzawa. In yatsa biyu ba su shiga ƙarƙashin maɗaurin ba, ta yi kaɗan. In ta bar muku jan layi, ku ajiye ta komai kyanta. A zafin garinmu ku nemi auduga, sama da ƙasa, kuma a shanya a rana ta bushe sosai.

In kun ji ƙullutu, ko ja, ko zazzaɓi, ku je asibiti a ranar. Nawa ƙurji ne, na wata ba shi ba ne, likita ne zai bambance.

Kuma ku faɗa wa wani. Sati uku na yi shiru don kada a ce ba ni da kunya, saura kaɗan a yi ta'aziyyar mutum biyu a gida ɗaya.