Ba Wanda Ya Auna Jinin Yaya Balaraba

Shekara takwas ke nan da muka binne yayata Balaraba a Birmingham, kuma har yau idan na tuna ƙarshen rayuwarta, haushi ne yake riga hawaye zuwa.

Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a Kano, ita ta kawo ni ƙasar nan. Ɗinki take yi a falonta a unguwar Sparkbrook, gab da sallah matan Najeriya da na Gana su cika gidan, ana hira ana shewa. Da mijinta ya rasu, sai komai ya fara mutuwa a hannunta. Matar da take hawa bas ta je neman alayyafo mai kyau ta koma shayi da burodi, safe da yamma. Nakan taso daga Manchester ranar Asabar in tarar da labule a sake, tana zaune da kayan jiya.

Na ce ciwo ne. Dangi suka ce rashin tawakkali ne, wasu suka ce iska. Kawu Isa, babbanmu a nan, ya ce mini, "Ke Rabi, mumini ba ya ciwon damuwa, ku daina kwaikwayon Turawa." Da ƙyar na ja ta wurin GP, wato likitan unguwa. Ya saurare ta a gurguje, ya rubuta magani. Bai tambaye ta me take ci ba, bai ɗebi jininta ba. Ta fara sha, aka ce mata zai haukatar da ita, ta zubar. Da ciwon ƙirji ya kama ta, jikin ya riga ya ƙare, ta kuma ɓoye har ya ci ƙarfinta.

Bara 'yarta Zainab, wadda ke karatun haɗa magunguna a jami'a, ta zo gidana a unguwar Moss Side ta Manchester. Ta ce, "Anti, kin san akwai wani sinadari, folet, da ake samu a ganye da wake? Na karanta ana auna shi a jinin masu ciwon damuwa 'yan China, ana duba ko ƙarancinsa yana da alaƙa da ciwon." Ta yi saurin ƙarawa cewa ba a ce shi ne sanadi ba, ba a ce shi ne magani ba.

Ban ce gwajin jini zai tsayar da ajali ba. Abin da ke cina shi ne, can ana leƙa jinin marar lafiya don a gane ciwonsa, mu kuma imanin Yaya muka zauna muna aunawa. Ƙarin takaici, da labarin ya shiga zauren dangi a waya, Kawu Isa ne ya fara yaɗa cewa alayyafo yana warkar da damuwa, a watsar da maganin asibiti. Da Yaya tana nan, na san tsaki za ta ja, ta ce jiya babu ciwon, yau kuma har mun zama likitocinsa.

Ashe Zainab ba karatu kaɗai ya kawo ta ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, ni ma na daɗe ba na iya tashi daga gado." Muka je asibiti tare. Da bakinta ta nemi a auna jininta, ta karɓi magani, tana kuma ganin mai ba da shawara. Da sauƙi, amma ba ta warke sarai ba.

Kawu ya kira ta, wai kada ta bari a ji, za ta rasa mijin aure. Ina gefenta ta gaishe shi da ladabi, ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Kawu, Umma ta yi shiru kamar yadda kuka so. Ni ba zan yi ba."

Kafin ciwo ya karya ta, haka Yaya take, ba ta haɗiye gaskiya don wani ya ji daɗi. Ban ga gado a abin da ta bari da ya fi wannan ba, kuma ya faɗa hannun da ya dace. Allah Ya jiƙan ta, mu kuma Ya shirye mu.