Yadda injin markaɗe ya cinye min kunnen hagu

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Gajiya ce, ba fushi ba. Amma jiya na ga hoton 'yar ƙanwata a gidan ruwan leda inda take aiki, kunnuwa toshe da iyafis, inji na ruri a bayanta, sai na ce yau dole in yi magana.

Zamanin soja ne, lokacin tsuke bakin aljihu, da gari ma sai an yi dabara. Ina budurwa a Hunkuyi, ina riƙe wa yayana Bitrus injin markaɗe. Wake, tumatir, jiƙaƙƙen gero, tun safe har yamma. Ƙasa a jiƙe, zani a jiƙe, injin kuwa ko kusa da kai mutum yake sai ya yi ihu.

Ni mawaƙiya ce a coci, kuma ba ni da lokacin zuwa koyo. Sai na sayi 'yar rediyon kaset ta aljihu da abin sawa a kunne, don in riƙa koyon waƙoƙi a bakin aiki. Abin kunnen kala biyu mai tebur ya nuna min a kasuwar Maƙarfi. Na ɗauki mai araha, mai soso, don ya ce ya fi laushi.

Soson nan ba ya tare ƙarar komai. Kullum sai in murɗa sautin kaset har ƙarshe kafin in ji muryar mai waƙa. Ga shi yana shan gumi da feshin markaɗe. Idan ya yi tsami in wanke shi a bokitin aiki, in matse, in mayar a jiƙe. A ganina tsabta nake yi.

Da ƙaiƙayi ya fara. Sai wani shuuu da ba ya tsayawa ko an kashe inji. Sai ciwo, kamar ana soka min tsinke.

Goggona Saratu, wadda ta riƙe ni, ta ce, "Zo nan, 'yar nan, sanyi ne ya shige ki." Ta narka man shanu ta ɗiga min, ta bi da gashin kaza. Haka ake yi wa kowa a gidanmu, kuma da ƙauna ta yi. Kwana kaɗan kunnen hagu ya fara zubar da ruwa mai wari. Na koma zama a bencin baya a coci don kunya.

Ranar da jiri ya kayar da ni kusa da bel ɗin inji, Yaya Bitrus ya sa ni a mota zuwa Zariya.

Asibitin lokacin kun san shi. Layi tun asuba, kati, jira a benci, sannan a rubuta maka magani ka fita waje ka nema. Akuyar Goggo ma a kuɗin magani ta tafi.

Likita ya haska kunnen. Ya buga wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu ya kai gefen hagu. Ina kallon ƙarfen yana rawa, ban ji komai ba. A nan tsoro ya kama ni sosai, na fashe da kuka.

Ya ce, "Malama, dodon kunnen hagu ya huje, ƙara kuma ta riga ta yi masa illa. Na dama za mu iya cetowa, idan kin rabu da injin."

Yaya ya ce, "Likita, da injin nan muke ci fa."

Likita ya ce, "Na sani. Amma kunne ɗaya ya rage mata."

A mota, mun kusa gida Yaya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe kada ki fito." Ban san fushi ne ko tausayi ba, har yau ban tambaye shi ba.

Watanni na yi ina jinya. Allura har mazaunaina suka ƙi zama, wankin kunne mai sa hawaye, auduga da man shafawa duk lokacin wanka. Na rame, na gaji da hanyar Zariya, na gaji da cewa "na'am?" Sannu a hankali ruwan ya tsaya, na dama ya washe. Na hagu bai dawo ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yaya da ya ɗauki asarar, da Goggo da ta yi ta neman gafarata a kan abin da ba laifinta ba ne.

Ku masu aiki cikin ƙara da danshi, idan dole sai kun ji waƙa, ku nemi wanda ke rufe kunne ya tare ƙarar waje, mai roba da ake gogewa ya bushe. Idan sai kun ƙure murya kafin ku ji, cire shi ya fi. Kada ku sa jiƙaƙƙe, kada ku karɓi aro. Kunne ya fara ciwo, asibiti, ba man shanu ba.

Na koma waƙa daga baya. A ƙarshen layi nake tsayawa, ta hagu, don sauran su faɗo a kunnena mai ji. Wani lokaci nakan shiga baiti a makare, yara su ƙunshe dariya. Ina ganinsu. Ba na dainawa.