Mai Tsintsiya da Kashi na Bakwai

Shekara goma sha tara mai askin nan yana bin doka ɗaya da ya kafa wa kansa: ba ya taɓa kai na biyu sai ya share gashin na farko. Zai ajiye kilifa, ya ɗauki tsintsiya ya bi ƙarƙashin kujera a nutse, ya tattara gashin cikin jakar takarda, ya naɗe bakinta sau biyu. Dalilin bai taka kara ya karya ba. Bango ɗaya ne tsakaninsa da wata mai ɗinki, fankarsa kuma kan hura gashi ya je ya manne a fararen yadin mutane. Sau ɗaya ta yi masa tijara, ya ce ba za a kuma ba.

Sharar nan ce ta ja masa. Wani daraktan fim da ke aski a wurinsa ya zuba masa ido wata rana, ya ce, "Maigida, ka taɓa ganin fuskarka in kana naɗe jakar nan? Wallahi kamar mai ɗaure rai."

"Wane rai? Gashinka ne, har da amosani."

Darakta dai bai bar shi ya sha ruwa ba sai da ya yarda. Shirin tsoro ne mai kashi goma sha biyu, labarin wani gari da duk wanda aka yi wa aski sai ya wayi gari babu inuwa, bayan kwana uku a tsinci gawarsa. A shagonsa aka ɗauki rabin shirin. Ko kalma ɗaya ba a ba shi ba: ya share, ya naɗe, ya ɗago ya kalli kyamara. Kashi na shida ya ƙare yana cusa gashin wani malamin makaranta, wanda masu kallo ke mutuwar so, cikin jaka. Daga nan kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyi ya ce ba zai ƙara tallar wanka tsakanin gawa da gawa ba. Gidan talabijin ya maye gurbin da shirin kiwon kaji.

Tun ranar sunansa ya koma Mai Tsintsiya, kujerarsa kuma ta fara yin ƙura. Kowa ya san wasa ne, in ka tambaye su dariya za su yi. Amma mutum zai wuce ƙofar shagon da suma kamar kwando, ya ɗaga hannu daga nesa, ya ƙara sauri. 'Yan kaɗan da suka rage suka fara zuwa da ledarsu ta kwashe gashi. Har ƙanin matarsa, wanda bai taɓa biyan aski ba a rayuwarsa, ya durƙusa yana tsince gashinsa da hannu.

"Kai ma?"

"Yaya, ba wai na yarda ba ne. Rigakafi dai ya fi magani."

Abin da ke cin mai aski a rai shi ne an ɗauki kashi na bakwai, shi ne kuma mai wanke shi. A ciki ake gane ɓoye gashin yake yi don kada wani abu ya samu. Ya faɗa har bakinsa ya gaji. Sai a gyaɗa kai a ce, "Ai dole ka ce haka."

Sau huɗu yana zuwa gidan talabijin. Matar da ke karɓar baƙi ta ce mai kula da shirye-shirye yana taro, yana hutu, yana taro, a na huɗun kuma ta roƙe shi ya tsaya su ɗauki hoto, amma ya ɗan matsa. Daga ƙarshe ya tono darakta a wani ɗaki yana haɗa tallar katifa.

"Sun kashe mini ɗa tun bai yi haƙori ba," in ji darakta.

"Kai ɗa aka kashe maka. Ni shago."

Darakta ya zuba masa kashin a filas, ya ce ba a gama gyara shi ba, babu kiɗa.

Da rana suka kalla a falo shi da matarsa. Ga mutanen gari sun kewaye shi da sanduna. Ga shi ya zube a gwiwa, yana kuka har da majina, yana nuna madubin shagon. Abin da ke cin inuwar mutane a cikin madubin yake zaune, gashi ne abincinsa. Matar ta tafa hannu.

"Alhamdu lillahi. Gobe ka sa a talabijin ɗin shago."

"Sautin bai fita sosai ba."

Mako ya wuce, ya ce filas ɗin ba ya shiga. Mako na biyu ya ce sai an samu taro. Ran nan tana ninke kaya ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Malam, jiya na ga mai nama ya miƙe tsaye da ka wuce."

"To?"

"Shekara nawa kana gaishe shi yana amsa maka da haɓa? Yanzu direba na tsaya maka tun ba ka ɗaga hannu ba. Ba ka so su gan ka a gwiwa, shi ke nan. Ka fi son su ji tsoronka mu kwana da yunwa."

Haushin da ya ji ya fi na gidan talabijin, don wannan karon babu wanda zai ɗora wa.

Ranar Asabar ya sa. Shago ya cika har bakin titi, mai ɗinki ma ta leƙo da almakashi a hannu. Da aka zo wurin kukan aka fashe da dariya, ƙanin matarsa ya ce a mayar baya a sake ganin majinar. Mai aski ya haɗiye haushinsa. Kafin a watse mutum biyar sun hau layi, mai nama ne a gaba. Ya faɗa kujera yana cewa, "Kai, yi sauri, na bar rumfa."

Mai aski ya ɗaura masa zane a wuya, ya kunna kilifa. Sai ya ga mutumin ya runtse ido, ya karkatar da kai gefe.

"Tsaya. Wannan madubin ne na cikin shirin?"

"Shi ne. Sai aka yi yaya?"

"A kashi na takwas an kashe abin?"

"Babu kashi na takwas! Ko rubuta shi ba a yi ba!"

Wani a layi ya ja kujerarsa baya.

"To rufe shi," in ji mai nama. "Ba wai na yarda ba ne."

Mai aski ya tsaya da kilifa tana kuka a hannunsa, ya dubi kawuna biyar da wata uku rabon da ya ga irinsu a shagon. Ya ja tsaki mai tsawo, ya leƙa ƙofa.

"Maƙwabciya, ara mini yadi biyu. Mai kauri."