Shekarar da Anka Ce Sun Gudu

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da anka fita da ɗana na fari daga gidanmu na Argungu a kan makara. Allah Shi jiƙan shi, Shi sa ya huta. Ban yi boko ba. Ɗiyarshi Hadiza, wadda ke aure a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ita ke riƙe da biro, ni ke magana. Na ce mata kada ta gyara mini baki, abin da na faɗa shi za ta rubuta.

Ga abin da ya tashe ni. Watan jiya kwalejin da ya yi a Birnin Kebbi ta buɗe sabon zaure, anka jera hotunan 'yan ƙwallonsu shekara bayan shekara. Hadiza ta tafi neman fuskar ubanta. Ta ga na shekarar da ta gabace su, ta ga na wadda ta biyo, tsakani kuwa bango fari tas. Ta tambayi wani mai babbar riga, ya yi dariya ya ce, “Ai wannan ita ce shekarar da sunka gudu.” Ta iso mini Argungu idonta jajir.

To, ku saurara, don ni ina nan lokacin.

Yaron ɗan masunta ne. Tun kafin ya iya wanka da kanshi ubanshi ya ɗora shi bisa gora cikin gulbin Rima. Da ya shiga kwaleji anka sa shi tsaron gida, 'yan kallo sunka laƙa mishi Mai Homa, don yadda yake buɗe hannuwa biyu ya rufe ƙwallo, sak yadda masunci ke rufe kifi da ragarshi ta homa. Shekarar nan duk inda sunka je sai su dawo da kiɗa. Direbobin tasha ke kawo labari, mata su shigo mini gida suna guɗa: “Kulu, ɗanki ya hana kowa ci!” Ni kuwa in ci gaba da tankaɗe, in ce, “Wane ɗa? Ku tafi ku gaya wa kakarshi.”

Yaran yanzu ba za su gane ba. Mu a wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yabon shi, ba ta tsaya mishi a gaban mutane. In ina son shi sai in ce a kira mini wancan. Ban taɓa taka filin ƙwallo ba. Amma jar rigar nan tashi ni ke wanke ta in ya zo hutu, kuma babban kifin da ke cikin tukunya, a kwanonshi yake ƙarewa. Iyakar abin da kunya ta yarje mini ke nan.

Sunka kai wasan ƙarshe, na kofi, ranar wata Asabar. Ran Juma'a da hantsi ruwa ya taso. Fadama tun daga wajenmu har Gulma ta zama gulbi ɗaya, ga shinkafa ta nuna, kwana kaɗan ya rage a sa mata lauje. Duk wanda ya san noma ya san nunanniyar shinkafa in ta yi kwana uku a ruwa ta tashi aiki. Dabara ɗaya ce: a shiga kwale-kwale, ɗaya na tuƙi, ɗaya na yanke zangarniya a saman ruwa. Aikin samari ne masu ƙarfin kafaɗa, waɗanda sunka san hannun ruwa. Samarin kuwa suna makaranta. Ubanshi na kwance da ciwon ƙafa.

Wani direba ya kai labari kwaleji da safiyar Asabar, 'yan ƙwallon sun riga sun hau motar zuwa wasa. Malamin da ke horar da su, shi da bakinshi ya ba ni labari daga baya. Ya ce yaron ya ɗauki jakarshi ya diro. Malamin ya ce mishi, “Kai, in ka sauka an ba waɗancan kofi.” Yaron ya ce, “Malam, a ba su. Kofi na nan baɗi, shinkafar nan jibi babu ita.” Bakwai sunka biyo shi, duk ɗiyan fadama. Waɗanda sunka rage ba su isa a yi wasa ba. Anka miƙa wa waɗancan kofi ko gumi ba su yi ba.

Da azahar ina tsaye bisa tudu na hango jajayen riguna takwas cikin kwale-kwale. Ko gida ba su biyo ba. Kwana uku suna yanka, hannuwa duk sun tsattsage. Kuma ba tamu kaɗai ba, gona bayan gona sunka bi, har ta wata gwauruwa a Gulma da ba ta da kowa. Gidajen nan duka sun ci tuwo har shekara ta zagayo. Wannan shi ne gudun da sunka yi. Ni dai a iya sanina mai gudu tudu yake nufa, ban taɓa ganin wanda ya gudu ya faɗa tsakiyar ambaliya ba.

Amma birni bai ga ruwa ba, fili ya gani babu kowa. Magana ta bazu har ta iso kasuwarmu. Wata mai albasa ta ɗaga murya ta ce, “Kulu, ashe homar taku ta yage? An ce ya hango maza ya faɗa gulbi!” Anka kwashe da dariya. Ni da babu macen da ta taɓa kayar da ni a magana cikin kasuwar Argungu, na ɗauki kwandona na wuce.

Bayan kwana biyu ina sheƙar shinkafar nan da ya tsamo, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan. Ya ce, “Inna, kin ji abin da ake faɗi?” Na ce na ji. Ya ce, “To ke mi kika gani?” Na ce, “Ga fura can ɗaki, ka sha.” Ya jima a tsugune, sannan ya tashi. Bai sake tambaya ba, bai kuma sake tsayawa a raga ba, har ya yi aikin malanta, ya yi iyali, ciwo ya zo ya ɗauke shi. Iyayenmu ba su yi laifi ba da sunka koya mana kunya. Ni ce na kasa gane ranar da ya kamata in aje ta.

Nakan ce da zai leƙo yau, mi zai ce? Zai ga samari cike da gidajen kallo suna neman doke juna a kan ƙungiyoyin da ko sunan Rima ba su taɓa ji ba. Zai ga injin ban-ruwa ko'ina, ana noman shinkafa rani da damina, wannan kam zai yi murna. Kuma ba zan zagi yaran yanzu ba, don da ruwa ya sake tasowa na ga wasu sun jingine baburansu na kabu-kabu sun shiga kwale-kwale, ba wanda ya roƙe su. Zancen farin bango kuwa, na san abin da zai ce. Zai yi murmushi ya ce, “Inna, bar su.” Shi mai haƙuri ne. Ni nawa ya ƙare.

Manyan kwaleji, ba roƙo nike ba. Hoton yaran nan na cikin akwatina, ƙarƙashin farin yadin da na aje wa kaina, shi yana tsakiya rungume da ƙwallo. In kuna so ku aiko. Kada ku rubuta sun ci kofi, don ba su ci ba. Ku rubuta sun kai wasan ƙarshe, sun sauka daga mota sun tafi tsamo shinkafar mutane. In kuma ba ku so, ku riƙe bangonku. Har yau in Hadiza ta shiga Gulma, tsofaffi kan tare ta su ce ga ɗiyar Mai Homa, kuma ba ta fita sai da ƙullin shinkafa, ko ta ƙi ko ta so.

Yanzun nan ta ɗaga biro ta ce, “Inna, in sun karɓa, wane suna za a sa? Mai Homa?” Na ce a'a, wannan na 'yan kallo ne. Ta zuba mini ido, don ta san tun ranar da anka raɗa mishi suna, kusan shekara sittin, bai taɓa fita bakina ba. Na ce rubuta, kuma ki rubuta da girma.

Sunan ɗana Sahabi.

Sahabi, ka tambaye ni na ce ka sha fura. Ga amsarka a gaban kowa: ka yi daidai.